Birki da Jarumta: Me Agogo Ke Aunawa a Tseren Gangaren Dutse?

A cikin wasannin da ake yi da keke, da wuya a sami wanda ya kai tseren gangaren dutse sauƙin bayani. Ana kai mahayi da kekensa ƙololuwar dutse, sannan a sake shi, shi kaɗai, ya gangaro ta wata siririyar hanya da aka shata da igiyar leda, mai cike da duwatsu da saiwoyin itatuwa da ramuka da wuraren tsalle. Babu abokin karawa a gefensa, agogo ne kawai ke biye da shi. Cikin minti uku zuwa biyar an gama, kuma wanda ya fi kowa ƙarancin lokaci shi ya ci. A Fort William ta ƙasar Sikotlan, ɗaya daga cikin fitattun filayen wannan wasa, tsawon hanyar ya kusa kilomita 3, kuma daga inda ake tashi zuwa inda ake tsayawa mahayi na saukowa fiye da mita 500.

Kowace shekara, idan sanyin Turai ya ja da baya, ake buɗe kakar Gasar Kofin Duniya, wadda hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ke kula da ita. A ranar buɗewa kowa makinsa sifili ne, da zakaran bara da yaron da ya shigo rukunin manya a bana. An shafe watanni ana motsa jiki, an gwada sabon keke, wasu sun sauya ƙungiya, wasu kuma daga jinya suka taso. Babu wanda ya san matsayinsa sai agogo ya yi magana. Saboda haka tseren farko ne lokacin da mahayi ya fi jin ƙaiƙayin nuna kansa, kuma shi ne lokacin da ya fi ƙarancin sanin iyakarsa.

Mu da muke kallo ta fuskar waya, idan muka ga mutum ya keta tarin duwatsu da gudun da ya haura kilomita 60 a awa, kalma biyu ke zuwa bakinmu: jarumta ko ganganci. Abin da ke zaɓar mana ɗaya daga ciki, galibi, shi ne yadda abin ya ƙare. Idan ya isa ƙasa lafiya, jarumi ne. Idan aka ɗauke shi a makara ta asibiti, ya yi wauta. Abin tambaya a nan shi ne: shin adalci ne mu bar sakamako ya yanke mana wannan hukunci?

Wasan da birki ya raɗa wa suna

Tarihin wasan da kansa yana da abin cewa. A watan Oktoba na 1976, wasu matasa a yankin Marin na jihar Kalifoniya a Amurka suka fara tsere a kan wata hanyar ƙasa mai gangara kusa da garin Fairfax, da tsofaffin kekuna masu birkin feda. Tsawon hanyar kimanin kilomita 3 ne. Kafin mutum ya isa ƙasa, zafin birki ya ƙone man girishin da ke cikin cibiyar ƙafar baya, har hayaƙi na tashi, dole sai an kwance an sake cusa wani kafin a kuma hawa. Daga wannan aikin sake cusa mai tseren ya samo sunansa, Repack. Cikin waɗanda suka yi shi akwai Charlie Kelly da Gary Fisher da Joe Breeze, mutanen da ake dangantawa da haihuwar keken dutse. A 1990 UCI ta shirya gasar zakarun duniya ta farko a Durango ta jihar Kolorado.

Wato wasan da duniya ta sani da sakin birki, daga birki ya sami sunansa na farko. Har gobe kuma haka abin yake. Keken gangare na yau yana da shokozoba gaba da baya, masu lanƙwasawa kimanin milimita 200, da birkin faifai mai aiki da mai. Ba domin wannan birki ba, babu mai hankalin da zai yarda ya kai gudun da ake kaiwa. Ikon tsayawa ne ke ba mutum lasisin gudu.

Aristotil ya ajiye jarumta a tsakanin halaye biyu da ya ɗauka aibi ne: ragwanta a gefe guda, ganganci a ɗaya gefen. Wannan ma'auni yana da kyau a takarda, amma a kan dutse ido ba ya iya rarrabe su. Mutum biyu za su bi layi ɗaya, da gudu ɗaya, su tsallake rami ɗaya. Na farko ya taka hanyar da ƙafa kwana biyu kafin nan, ya tsaya a bakin ramin ya duba inda zai dira, ya gwada a hankali, ya ƙara gudu, ya sake ƙarawa, ya zauna da makanikinsa sun daidaita iskar taya da taurin shokozoba. Na biyu ya ga na farko ya yi ne kawai. A bidiyo ba su da bambanci. Bambancin yana cikin abin da kowannensu ya biya kafin ya tsaya a ƙofar tashi, kuma kyamara ba ta ɗaukar wannan.

Mu masu rubuta manhaja mun san wata dabara da ake koyarwa tun a ajin farko, wadda ake kira dabarar haɗama: a kowane mataki ka ɗauki abin da ya fi tsoka a gabanka, ba ruwanka da mataki na gaba. Ana koyar da ita ne tare da gargaɗin cewa a matsaloli da yawa ba ta kai mutum ga amsa mafi kyau. Haka kwanar hanya take. Wanda ya shiga kwana da dukkan gudunsa zai fito a karkace, ya yi asarar gudun da zai ɗauke shi mita ɗari na gaba. Gwanaye sukan taka birki da wuri, su sake shi da wuri, su fito da ƙarfi. Mai kallo zai ɗauka wanda ke watsa ƙasa yana jan ƙafa shi ne mai sauri, sai agogo ya nuna wanda ya wuce shiru shi ne a gaba. A nan agogo na goyon bayan hankali. To, amma ba kullum ba.

Ranar da ruwa ya yi alƙalanci

A ƙarshen watan Afrilu na 2017 aka buɗe kaka a Lourdes ta ƙasar Faransa. A al'adar wasan, waɗanda suka fi sauri a zagayen tantancewa su ke saukowa a ƙarshe, wanda kuma ke kan gaba yakan zauna a wata kujera a bakin layin ƙarshe, yana jiran wanda zai tashe shi. A ranar, wani Bafaranshe mai suna Alexandre Fayolle ya sauko a busasshiyar hanya ya hau kujerar. Kafin manyan gwanaye su taso, hadari ya haɗo, ruwa ya kece, duwatsun suka zama kamar an shafa musu sabulu. Irin su Aaron Gwin na Amurka da Greg Minnaar na Afirka ta Kudu babu wanda ya kusanci sahun gaba. Fayolle ya ci Kofin Duniya karo na farko a rayuwarsa.

Babu wanda zai ce bai cancanta ba, domin ya fi duk wanda ya sauko a yanayi irin nasa. Babu kuma wanda zai ce waɗanda ruwa ya daka sun gaza shiri, tunda gwanintarsu ce ma ta sa aka ajiye su a ƙarshe. Agogo ya auna lokaci daidai, amma bai auna mutanen ba.

A shekarar da aka fara Repack, 1976, masana falsafa biyu, Bernard Williams da Thomas Nagel, suka yi muhawara a kan abin da aka sani da sa'a a fagen ɗabi'a. Matsalar ita ce: dukkanmu mun yarda bai kamata a yaba wa mutum ko a zarge shi a kan abin da ya fi ƙarfinsa ba, amma a aikace kullum hakan muke yi. Direbobi biyu sun yi sakaci iri ɗaya da birkin mota, ɗaya yaro ya gifta masa, ɗaya bai gamu da kowa ba. Na farko za a kira shi mai kisa, na biyu ya kwana a gidansa babu mai tuna shi. Nufinsu ɗaya, sakacinsu ɗaya, abin da ya raba su ba ya hannunsu.

Tseren gangare yana matse wannan matsala cikin minti huɗu, inda kowa zai gan ta. A 2009 a Canberra, Steve Peat na Ingila, bayan shekaru yana zuwa na biyu, ya zama zakaran duniya da tazarar sakan 0.05 a kan Minnaar. A 2015 a Leogang ta ƙasar Ostiriya, sarƙar keken Gwin ta tsinke yana barin ƙofar tashi. Ya gangaro ba tare da ya iya taka feda ba, ya kuma ci tseren da tazarar da ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na sakan ba. Yau ana ba da labarin a matsayin abin al'ajabi. Da iska ta ɗan kaɗa masa a wurin tsalle ɗaya ya zo na biyu, da hawan da ya yi bai ragu da komai ba, labarin ne kawai zai ragu.

A aikinmu ma haka ne. Wani zai saki sabuwar manhaja ga jama'a ba tare da gwaji ba, Allah Ya rufa asiri ba ta fashe ba, a yaba masa da sauri. Wani zai gwada duk abin da ake gwadawa, sai wata na'ura da ba tasa ba ta mutu a ranar, a kira taro a kansa. Kamfanin da ke hukunci da sakamako kaɗai yana koya wa ma'aikatansa caca ne, kuma ranar da sa'a ta ƙare kowa zai ji a jikinsa. Shi ya sa a wuraren da suka san aiki, idan abu ya lalace, tambayar farko ita ce: me aka sani a lokacin da aka yanke shawarar, kuma me ya kamata a sani? Da wannan tambaya ya kamata a auna mahayi. Jarumta da ganganci a ƙofar tashi ake rarrabe su, kafin agogo ya fara lissafi.

Sai dai akwai wurin da misalinmu ke tsayawa. Mu idan mun ɓata, muna da maɓallin komawa baya, mu dawo da sigar jiya. Ƙashin wuya ba shi da sigar jiya.

Kaka ta fi rana ɗaya

A watan Yuni na 2023 aka buɗe kaka a Lenzerheide ta ƙasar Suwizalan, kuma makon ya nuna fuska biyu na farkon kaka. Rachel Atherton ta Birtaniya, wadda a 2016 ta cinye dukkan zagaye bakwai na Kofin Duniya har da gasar zakarun duniya, wadda jijiyar agararta ta tsinke a 2019, ta kuma haihu a 2021, ta dawo ta ci tseren, nasararta ta 40 a Kofin Duniya. A makon dai, Amaury Pierron na Faransa, wanda shi ke riƙe da kofin kakar 2022, ya faɗi ya karya ɗaya daga cikin ƙasusuwan wuyansa. Aka yi masa tiyata, kakar ta wuce ba da shi ba, sai a 2024 ya dawo ya ci gasa a Val di Sole da Les Gets. Ba mu da hujjar cewa ɗayansu ya fi ɗaya taka-tsantsan. Abin da muke iya gani shi ne farashin ranar farko: maki na tsere ɗaya ake nema, amma abin da aka ajiye jingina shekara ce sukutum, wani lokacin ma fiye.

Shi kuwa Gwin da ruwan Lourdes ya jefa can baya a 2017, shi ya ɗauki kofin kakar gaba ɗaya a ƙarshen shekarar. A kan hanyarsa, a Mont-Sainte-Anne ta Kanada, ruwa ya sake sauka a kan 'yan ƙarshe, ya kuma ci tseren a cikin ruwan. Sannu ba ta hana zuwa. Rana ɗaya sa'a na iya rinjayarta, amma idan ranakun suka taru, sai halin mutum ya fara bayyana.

Akwai kuma wata jarumtar da ba ta da bidiyo. A 2022 Finn Iles na Kanada ya zo na biyu a gasar buɗe kaka a Lourdes. Kafin zagaye na biyu ya bugu a kai, ya sami girgizar ƙwaƙwalwa, bai shiga gasar Fort William ba. Girgizar ƙwaƙwalwa ba kamar karaya ba ce, babu filasta, babu sanda, mutum yana tafiya da ƙafarsa kowa na ganin lafiyarsa lau. Likitoci kuwa sun daɗe suna gargaɗin cewa bugu na biyu kafin na farko ya warke ya fi haɗari nesa ba kusa ba. Matashin da ke matsayi na biyu a duniya ya zauna a gida yana kallon maki na wuce shi, wannan ma wani nau'in taka birki ne, kuma mai yiwuwa ya fi na kan dutse wuya. A watan Agusta na shekarar ya ci Kofin Duniya na farko a rukunin manya, a ƙasarsa, a Mont-Sainte-Anne. Amma kada mu faɗa tarkon da muka baro a baya: ba nasarar Agusta ce ta mayar da shawarar Mayu daidai ba. Ko da bai sake cin komai ba, shawarar daidai take tun ranar da aka yanke ta.

To, ina amfanin abin?

Mai karatu na iya cewa duk wannan kewaye ne. Jiki amana ne, kuma tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya. Ɗan kwana-kwana yana shiga wuta ne domin ya ceto rai. Shi wannan da ke gangarowa daga dutse wa zai ceto? Idan babu wani alheri da ya kai girman haɗarin, to kowane irin shiri aka yi, ganganci ne mai tsari.

Wannan suka tana da nauyi, bai kamata a ture ta ba. Brook Macdonald na Niyu Zilan ya karya ƙashin bayansa a wajen atisaye a Mont-Sainte-Anne a 2019, ya yi sa'o'i a kan dutsen kafin jirgi mai saukar ungulu ya ɗauke shi, sai da ya sake koyon tafiya kafin ya koma tsere. Iyaye da mata da 'ya'ya su ma suna biyan wani kaso na irin wannan kasada, alhali ba su aka tambaya a ƙofar tashi ba.

Duk da haka, idan muka ce babu haɗarin da ya halatta sai na ceton rai, za mu rufe ƙofofi da yawa da ɗan Adam ya daɗe yana shiga domin ya san iyakar abin da aka ba shi: hawan doki, kokawa, ninƙaya, hawan tsauni. Ƙwarewa ita ma alheri ce. Mutumin da ya koyi riƙe hankalinsa a lokacin da jikinsa ke ce masa ya firgita ya mallaki wani abu na gaske. Minnaar ya zama zakaran duniya karo na huɗu a 2021 yana da shekara 39, shekara 18 bayan karo na farko. Mai caca da ransa ba ya daɗewa haka a wannan wasa.

A ganinmu, kasada irin wannan tana fita daga sahun ganganci ne idan ta cika sharuɗɗa uku. Na farko, an biya ta da shiri daidai girmanta, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Na biyu, mai yin ta ya san ainihin abin da ya ajiye jingina, har da kason iyalinsa, bai ruɗi kansa ba. Na uku, yana da 'yancin cewa a'a ba tare da rayuwarsa ta rushe ba. Sharaɗi na farko da na biyu suna hannun mahayi. Na uku ba ya hannunsa shi kaɗai, kuma a farkon kaka ya fi rauni. Kwantiragi a wannan wasa gajere ne, kujerun manyan ƙungiyoyi kaɗan ne, matasa na tasowa kowace shekara. Wanda ya san cewa in bai haska a tseren farko ba za a fara mantawa da shi, yatsansa ba zai taɓa birki yadda hankalinsa ke so ba.

Kasonmu

A nan maganar ta iso kanmu. Kamfanonin da ke ɗaukar nauyin mahaya idon jama'a suke saye, idon jama'a kuwa yanzu a YouTube da Instagram da TikTok ake ƙirga shi. Mun san yadda ake gina manhajojin da ke zaɓar mana abin kallo: suna lura da inda yatsa ya tsaya, da abin da aka maimaita, da abin da aka tura wa aboki, sai su ƙaro irinsa. Ba su san jarumta ba, ba su san ganganci ba, lissafi kawai suka sani. Faɗuwa ta sakan goma ta fi kwanar da aka sha da natsuwa jan ido, saboda haka ita za ta yi yawo. Kowane kallo ƙuri'a ce, kuma jimillar ƙuri'un tana komawa har kan dutsen, ta zama matsin da ke kan yaro ɗan shekara goma sha tara a ƙofar tashi.

Ba muna cewa a daina kallo ba. Muna cewa a koyi kallo. A lura da inda mahayi ya rage gudu da dalilin ragewar. A girmama wanda ya janye domin kansa bai warke ba kamar yadda ake girmama wanda ya hau mumbari. Idan an ga faɗuwa, a tuna akwai mai ita, akwai kuma uwar da ta gani.

Darasin bai tsaya a keke ba. Kowannenmu yana da farkon kakarsa: sabon aiki, sabuwar sana'a, sabon aure, shekarar farko a jami'a, lokacin da muke ƙaguwa mu nuna ko mu su wane ne alhali ba mu gama sanin hanyar ba. Muna kuma zama alƙalan wasu, mu yaba wa wanda kasadarsa ta yi kyau, mu yi wa wanda tasa ta ɓaci dariya, ba tare da mun tambayi abin da kowannensu ya sani da abin da ya shirya ba. Sakamako yana da masu hannu da yawa, har da hadarin da ya haɗo bayan an tashi. Abin da yake na mutum shi kaɗai shi ne shirin da ya yi, da gaskiyar da ya faɗa wa kansa, da sanin lokacin da zai saki birki da lokacin da zai taka. A kan waɗannan ya kamata mu auna shi, mu kuma auna kanmu.